Babi na Bakwai: Rumbu da Taswira

Ranar kasuwa a tiken Mubi, kafin rana ta take, ƙura ta riga ta turnuƙe. Shanu sun shigo ta iyakar Kamaru, wasu tun daga Chadi aka koro su, tireloli kuma sun yi layi suna jiran lodi zuwa Kudu. A cikin wannan hayaniya za ka hangi wani mutum a gindin rumfa, biro a kunne, littafi mai bangon kwali a cinya. Shi ne akawun dillalai. Yana rubuta wanda ya kawo dabba, da wanda ya saya, da yadda aka sallama, da la'adar da aka cire, da cikon da ya rage. In gardama ta tashi bayan wata uku, littafinsa ake ɗaukowa ya raba ta.

To, ka gwada tambayarsa: a wane wata shanu suka fi shigowa cikin shekara biyar da suka wuce? Da sefa ta tashi, nawa kuɗin bijimi ya ƙaru? Amsar tana cikin littattafansa, amma ba zai iya ba ka ita yau ba. Wani littafin gara ta ci, wani ruwa ya jiƙa, waɗanda suka tsira kuma sai an kwana ana buɗe shafi ana tarawa. Sana'o'i biyu da wannan babi ya ƙunsa daga nan suka samo tushe. Ta farko ita ce adana bayanai yadda ba za su salwanta ba, kuma a same su lokacin da ake so. Ta biyu ita ce mayar da tarin alƙaluma zane ko taswira, yadda mutum zai kalla ya gane cikin ƙiftawar ido.

Darasin watan Oktoba

Mutanen Mubi ba sa buƙatar dogon wa'azi a kan ajiya. Ranar Laraba, 29 ga Oktoba, 2014, mayaƙan Boko Haram suka shiga garin, suka raɗa masa suna Madinatul Islam, suka riƙe shi kimanin mako biyu kafin sojoji da mafarauta da 'yan banga su ƙwato shi. Jama'a suka fantsama. Wasu suka hau duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru, wasu suka doshi Yola mai nisan kimanin kilomita 200, da yawansu a ƙasa. Ba a haɗa gudu da susar katara: uban da ke neman yadda zai saɓa ɗansa a kafaɗa ba ya tuna takardar fili ko sakamakon jarrabawa. Aka rufe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wato foli, da Jami'ar Jihar Adamawa, ofisoshi da bankuna suka sha ɓarna. Da aka dawo, an gyara bango, an sayo sababbin kujeru. Takardar da ta ƙone kuwa, in ba ta da kwafi a wani wuri, ta tafi ke nan.

Wanda ya taɓa ɗaukar hoton takardunsa ya tura wa kansa ta imel, ko da don neman aiki ne ya yi, shi yana iya zama a kafe a Jimeta ya sake buga su. Masana harkar ajiya sun tattara wannan hikima cikin ƙa'ida guda: kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a nesa da gida. Misali, ɗaya a kwamfutarka, ɗaya a filash ko faifan ajiya na waje, ɗaya a intanet. Manomin da ya san gobara ba ya zuba irinsa duka a rumbu ɗaya. Yakan ba ɗan'uwansa na wani ƙauye ajiyar mudu biyu.

Ma'ajiyar intanet, wadda Turawa ke yi wa laƙabi da girgije, a ƙasa take daram. Gine-gine ne cike da manyan kwamfutoci, da na'urorin sanyaya su, da janaretoci masu jiran wuta ta ɗauke. Duk mai adireshin Gmail yana da gigabait 15 kyauta, waɗanda imel ɗinsa da hotunansa da Google Drive ke rabawa. OneDrive na Microsoft yana ba da gigabait 5, Dropbox kuma 2. Wannan ya ishi takardun iyali guda har da na maƙwabta, muddin ba a cika shi da bidiyon biki ba.

Sai dai ɗan Adamawa yana da dalilin da zai hana shi sakin jiki da intanet kaɗai. A watan Mayun 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, an katse layukan waya na makonni. Ranar 14 ga Maris, 2024 kuma, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka yi ta fama, masu POS suka zauna jugum. Don haka ne ƙa'idar ta ce ma'aji iri biyu. Akwai kuma asarar da mutum ke jawo wa kansa: a buɗe masa asusu a shagon wani, ya bar kalmar sirri a hannun mai shago, ya yar da layin wayar da aka yi rajista da shi. Rumbu yana nan cike da hatsi, makulli ya faɗa rijiya.

Mafi yawan manyan cibiyoyin adana bayanai na Nijeriya a Legas suke, irin su Rack Centre, domin a can ne wayoyin teku ke fitowa tudu. Galaxy Backbone, kamfanin gwamnatin tarayya, yana da tasa a Abuja, aka kuma ƙaddamar da wata a Kano a watan Janairun 2023. Irin waɗannan wurare ba masu rubuta manhaja kaɗai suke ɗauka ba. Suna neman injiniyan lantarki, da mai kula da na'urorin sanyi, da mai shimfiɗa wayoyin sadarwa, da mai kula da rumbun bayanai, da mai tsaron rumbun daga masu kutse. Wanda ya karanta lantarki a foli yana da ƙofa a nan, ko da bai taɓa zaton haka ba.

Gani ya kori ji

Bari mu gwada wani abu da tarihin Mubi. A watan Fabrairun 1961, ƙarƙashin idon Majalisar Ɗinkin Duniya, mutanen Arewacin Kamaru da ke hannun Ingila suka jefa ƙuri'ar raba gardama. Mutum 146,296 suka zaɓi shiga Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Jamhuriyar Kamaru. Ranar 1 ga Yuni na shekarar yankin ya shigo Nijeriya, ya zama Lardin Sardauna, Mubi kuma hedikwatarsa. Rufe littafin nan ka maimaita alƙaluman biyu. Da wuya ka iya. Amma a ce an zana maka mutum biyar, uku sun fuskanci yamma, biyu sun fuskanci gabas, ba za ka sake mantawa ba, kuma nan take za ka fahimci cewa waɗanda suka so ɗaya ɓangaren ba 'yan kaɗan ba ne. Aikin mai zana alƙaluma ke nan: ya rage wa ƙwaƙwalwa kaya, ya ɗora wa ido.

Wani lokaci zane yakan ceci rai. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta kashe mutum fiye da 600. A lokacin yawancin likitoci sun ɗauka gurɓatacciyar iska ke kawo ta. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamata ke ɗibar ruwa, ya gano cewa famfon titin Broad ne ya haɗa su, ya shawo kan hukuma ta cire hannun famfon. Taswirar da ya buga daga baya, wadda ya ɗiga kowane mamaci a ƙofar gidansa, har yau ana koyar da ita. A watan Mayun 2018 kwalara ta ɓarke a Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, ɗaruruwan mutane suka kamu, ma'aikatan lafiya suka bazu unguwanni suna neman marasa lafiya, suna zuba sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa. Tambayar da suke ɗauke da ita ita ce dai ta Snow: daga ina masu ciwon ke fitowa, kuma wace rijiya ko wane famfo ne 'yan garuwarsu ke zuwa? Jerin sunaye a rajistar asibiti ba ya amsa wannan da sauri. Taswira tana amsawa.

Haka aka yi da cutar shan-inna. A 2012 Nijeriya ta sami yara 122 da cutar ta kama, fiye da rabin na duniya baki ɗaya. Cikin dabarun da suka juya lamarin akwai zana sababbin taswirorin ƙauyuka da rugage daga hotunan tauraron ɗan'adam, da ba masu allurar rigakafi wayoyi masu nuna inda suka taka. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda ke aiki daga Kano, ta yi fice a wannan aiki. Da yamma sai allo ya nuna inda aka shiga da inda aka tsallake, gobe a koma. Ranar 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ƙwayar cutar ta daji daga nahiyar Afirka. A fagen kuɗin gwamnati ma, BudgIT, wadda Oluseun Onigbinde da Joseph Agunbiade suka kafa a Legas a 2011, ta yi suna ne da mayar da kundin kasafi mai ɗaruruwan shafuka zane guda da talaka zai kalla a waya.

Kowane zane yana da tambayar da ya dace da ita. In gwada abubuwa kake so, kamar kuɗin masara a Mubi da Hong da Michika, sanduna ne a jere. In tafiyar lokaci ce, layi ne mai hawa da sauka. In rabo ne, faifai ne da aka tsaga gida-gida, kuma kada ya wuce gida huɗu ko biyar, in ba haka ba ido ya rikice. In tambayar ta ina ce, taswira. Zane kuma yana iya ƙarya ba tare da an canza ko lamba ɗaya ba. A fara sanda daga 90 maimakon sifili, sai bambancin 95 da 100 ya zama kamar na raƙumi da akuya. A nuna yawan masu ciwo ba tare da yawan mazauna ba, sai babbar unguwa ta fito kamar ita ce matattarar cuta, alhali mutane kawai ta fi tarawa.

Kayan aiki

Mafari shi ne jadawali, wato Excel ko Google Sheets. Mutane da yawa suna cewa sun iya Excel don sun taɓa buga sunaye a ciki. Iyawa ita ce ka tace layi dubu goma, ka haɗa jadawali biyu, ka taƙaita su a tebur guda, ka gano inda aka maimaita suna. Google Sheets kyauta ne, yana buɗewa a waya, kuma mutum biyar suna iya aiki a takarda ɗaya, wani a Mubi wani a Yola. Sai dai jadawali yana da iyaka. A watan Oktoban 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta tsallake kusan mutum 16,000 da gwaji ya nuna sun kamu da korona, saboda an yi amfani da tsohon samfurin Excel wanda ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. In bayanai sun yi yawa, rumbu na gaske ake gina musu da manhaja irin PostgreSQL ko MySQL, a riƙa yi masa tambaya da harshen SQL. Wannan harshe gajere ne, umarninsa na yau da kullum ba su da yawa, kuma da wuya ka ga tallar aikin nazarin bayanai da ba a ambace shi ba.

Wajen tattarowa daga fili, KoboToolbox da ODK su ne ruwan dare a Arewa maso Gabas. Falalarsu ita ce ana cike tambayoyi a waya ko babu sabis, in an dawo gari a tura. Cibiyoyin lafiya kuma rahotanninsu na wata-wata suna shiga DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar ginawa, wadda Nijeriya ta ɗauka a matsayin rumbun alƙaluman lafiyarta.

Wajen zane, Power BI na Microsoft shi ƙungiyoyin agaji da bankuna suka fi nema. Ana sauke shi kyauta, amma sai a kwamfuta mai Windows. Tableau Public kyauta ne, sai dai duk abin da ka wallafa a shafinsa kowa na iya gani, don haka ba wurin sirrin mutane ba ne. Looker Studio na Google yana jan bayanai kai tsaye daga Sheets. Datawrapper da Flourish 'yan jarida suka fi so, domin cikin 'yan mintuna zane ya fito. Taswira kuwa QGIS ne, kyauta, kuma ba ya buƙatar intanet bayan an sauke shi, abin da ke da muhimmanci a garin da data ke da tsada, wuta kuma sai an yi sa'a. Mai neman bayanan gwaji ya leƙa shafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ko HDX na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ake samun iyakokin ƙananan hukumomi da wuraren asibitoci da farashin abinci. Harsunan Python da R suna nan gaba, amma wanda bai riƙe jadawali da SQL ba ya yi gaggawa in ya tsallaka can.

Wa ke ƙirga Mubi?

Tun ƙarshen 2014, Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, tare da NEMA da hukumomin agajin gaggawa na jihohi, take fitar da rahoton ƙidayar 'yan gudun hijira da waɗanda suka koma gida. A 2015 adadin waɗanda rikicin ya raba da muhallinsu ya haura miliyan 2. Ƙananan hukumomi bakwai na arewacin Adamawa, wato Madagali, Michika, Mubi ta Arewa, Mubi ta Kudu, Maiha, Hong da Gombi, sun zama wuraren da ake yawan ƙirgawa: gidaje, rijiyoyi, makarantu, yara masu tamowa. Matasa da yawa a nan suka fara riƙe wayar aiki. Amma dubi yadda tafiyar take ko'ina a duniya. Mai tattarawa yana shan rana, ana biyan sa kuɗin kwana, in aiki ya ƙare ya koma gida. Bayanan su wuce Yola, Maiduguri ko Abuja, wani ya yi musu tankaɗe da rairaya, ya zana, ya sa hannu. Shi ne mai albashin wata, shi ake kira taro.

Matakalar a bayyane take. Daga mai tattara bayanai zuwa mai shigar da su da duba kurakurai; daga nan zuwa jami'in sa ido da auna ayyuka ko jami'in sarrafa bayanai; daga nan zuwa mai nazari, ko mai taswira, ko mai kula da rumbu. Kuma kuskure ne a rataya komai a wuyan ƙungiyoyin agaji, domin kuɗinsu yana zuwa yana ɗaukewa kamar ruwan bazara. Asibiti yana da sashen ajiyar bayanan marasa lafiya, makaranta tana da sakamakon ɗalibai, hukumar tara haraji tana da rajista, bankin talakawa yana da masu bashi, babban ɗan kasuwa yana da sito uku da bai san abin da ya rage a cikinsu ba. Wurin koyo ma bai yi nisa ba. Foli tana Mubi tun farkon shekarun 1980, jami'ar jiha tun 2002, ga Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka ta Nijeriya a Yola. Shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta ƙaddamar a 2023, a ƙarƙashin minista Bosun Tijani, ya sa nazari da zanen bayanai cikin darussansa.

Ɗan gari yana da jarin da manhaja ba ta sayarwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ke zaune a Abuja zai ga Lamorde ta Mubi a jadawali ya haɗe ta da ƙaramar hukumar Lamurde da ke can wajen Numan. Zai ga Wuro Patuji da Wuro Fatuji ya ƙirga unguwa biyu. Zai ga Yelwa ko Nassarawo ya rasa ta wane gari ce. Ba zai san cewa buhu suna ne kawai, cikinsa ya danganta da kasuwa da irin hatsi, ko cewa wani cinikin da sefa aka yi shi ba. Ba zai ji abin da tsohuwa ta faɗa da Gude ko Fali ko Fulatanci ba kafin a murɗe shi zuwa Hausa, a sake murɗewa zuwa Turanci. Mafi yawan lokacin mai nazari a gyaran irin waɗannan kurakurai yake tafiya, kuma kai ka fi shi ganin su.

Amana

Wanda aka ba rajistar asibiti ko jerin zawarawan da za a ba tallafi, an ba shi sirrin gidajen mutane. A yankin da ya ga rikici, sunan mutum da lambar wayarsa da ɗigon da ke nuna ƙofar gidansa suna iya jawo masa halaka in suka faɗa hannun da bai dace ba. Tura irin wannan jeri a zauren WhatsApp cin amana ne, kuma tun watan Yunin 2023, da aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, akwai hukumar da ke iya cin tarar mai yin sa. Dokar ta buɗe wata sana'ar ma, ta jami'in kare bayanai, wanda manyan ma'aikatu masu riƙe da bayanan jama'a ke buƙata. Kafin ka wallafa kowane zane, cire sunaye, ka tara gidaje su zama unguwa, ka tambayi kanka ko za ka yarda a yi wa mahaifiyarka haka.

Masu ɗaukar aiki a wannan fanni sukan ce: nuna mana abin da ka taɓa yi. Don haka kada ka jira sai an kira ka. Ko kai ne ko ke ce, zaɓi kaya huɗu, masara da dawa da wake da gyaɗa, ka shiga kasuwa rana ɗaya a kowane mako, ka tambayi masu awo uku kuɗin mudu, ka rubuta a Google Sheets da kwanan wata. Ka ajiye kwafi a waya, kwafi a filash. Bayan mako goma sha biyu ka zana layi huɗu, ka rubuta kansu da Hausa, ka kai wa ɗaya daga cikin masu awon nan. In ya kalla ya ce, “Ai nan ne sabon wake ya shigo,” ba tare da ka yi masa bayani ba, to ka kama hanya. In ya juya wayar sama da ƙasa ya miƙo maka, koma ka sake zanawa.